Takardun da na kai wa malamin 'yata

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tsorona shi ne kada wani ya karanta ya gane mutanen da ke ciki, shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba, kuma sai da na nemi izinin 'yata kafin na fara. Ta ce in rubuta, amma kada in wanke kaina a ciki. To, zan yi ƙoƙari. Abu ne da ya faru shekara biyu da suka wuce, kuma na san har in koma ga Ubangiji ba zan manta da shi ba.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne a kasuwar Sabon Gari. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba. Hausa ina karanta ta sarai, don da ita nake karanta Littafi Mai Tsarki, amma Turanci sai in bi shi da yatsa, in tsinci kalma biyu in rasa biyar. Ina kuma da wani hali da matata ta gaji da yi mini faɗa a kansa. Idan abu ya tsaya mini a zuciya, ba na iya cin abinci sai na warware shi. Na taɓa rufe shago da tsakar rana na koma Basawa saboda ina shakkar ko na ɗaure wani noti a keken wata matar soja. Da na je, na tarar na ɗaure shi tamau.

'Yata ta fari, wadda nake ce wa Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, ta yi ciwon sanƙarau tana 'yar shekara tara. Allah ya tashi kafaɗunta, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuma rabi-rabi yake ji. Ta koyi kallon bakin mutum idan yana magana, har ta ƙware, ta yadda za ka yi shekara da ita ba ka gane ba. Ba ta son kowa ya sani. Tun tana sakandare ta sa ni na yi mata alkawari ba zan taɓa faɗa wa wani malaminta ba. Da ta samu shiga jami'a a Samaru, sashen ilimin noma, shekarar farko ta sha wuya. Zauren lakca ɗalibai ne ɗaruruwa, lasifika wata rana ta yi aiki wata rana ta ƙi, malami kuma ya juya wa aji baya yana rubutu a allo yana magana. Da ƙyar ta haye zuwa aji biyu.

A aji biyun ne na ga ta canja. Ta daina dawowa gida ƙarshen mako da jajayen idanu. Wata Asabar da hantsi muna zaune a tsakar gida, uwarta tana tsince shinkafa, sai na ga ta baje wasu takardu bugaggu a kan tabarma, tana danna waya tana murmushi. Na tambaye ta me ke ba ta dariya. Ta matso ta nuna mini. Ta ce idan ta shiga aji sai ta kunna wayar ta ɗauki muryar malami, daga baya wata manhaja ta mayar da maganar rubutu. Rubutun ne take kai wa abin nan da suke ce wa AI, wanda ake hira da shi kamar mutum. Sai ta ce masa ya rarraba mata darasin, ya yi mata bayanin inda ba ta gane ba, ya kuma yi mata tambayoyi kamar a jarrabawa. A gabana ta ce masa ya faɗi da Hausa dalilin da ya sa jar ƙasa ba ta riƙe taki kamar ƙasar fadama. Kafin in gyara zama ya rubuto amsa. Hausar tasa wata iri ce, kamar ta baƙon da ya koya a littafi, amma na gane abin da yake nufi.

Uwarta ta ce, “Ashe an samo wanda zai fi babanki surutu.” Muka yi dariya. Ni ma na yi, amma tun a lokacin wani abu ya ɗan soke ni. Abin ya yi sauƙi da yawa, kuma ni duk abin da ya zo da sauƙi tsoronsa nake yi.

Kashegari a majami'a fasto ya sanar cewa Lahadi mai zuwa za a ci Jibin Ubangiji, wato gurasar da muke rabawa don tunawa da mutuwarsa, kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya matso teburin. Bayan an tashi muna tsaye a bakin ƙofa, wani dattijon ikkilisiya, tsohon malamin makaranta, ya kawo zancen yaran zamani. Ya ce yanzu ba sa karatu, waya ce ke yi musu, kuma ya ji ana korar ɗalibai daga jami'o'i saboda AI ɗin nan, domin satar amsa ce da sabon suna. Na yi masa sallama kamar ba komai. Amma na dawo gida ban iya taɓa tuwon rana ba.

Abin da ya yi ta yawo a kaina shi ne, idan sata ce, to a gidana ake yin ta, a kan tabarmata, ni kuma na gani na yi dariya. Da wace fuska zan miƙa hannu in karɓi gurasar Jibi? Na faɗa wa matata. Ta ce in fita harkar abin da ban sani ba, yarinya ta samu abin da ke taimakonta, in gode wa Allah in yi shiru. Ta ce idan kuma dole sai na sani, ga yarinyar nan ba ta koma makaranta ba tukuna, in tambaye ta. Na ƙi. Na ce idan na tambaye ta za ta ɗauka ina zarginta da sata, ranta ya ɓaci ga jarrabawa ta kusa. A nawa tunanin tausayinta nake ji. Yau idan na tuna wannan dalilin, kunya ce take rufe ni.

Ta koma Samaru da yammar Lahadi, ta mance da wani ƙunshin takardun a kan akwatin uwarta. A saman shafin farko ta rubuta sunan malamin da sunan darasin da biro. Ran Talata da safe na sa rigata ta zuwa majami'a, na naɗe takardun a leda, na ce wa maƙwabcina mai sayar da zare ya duba mini shago. Na shiga bas ɗin Samaru. Har muka wuce Kwangila ina maimaita abin da zan faɗa. Ba ƙararta zan kai ba, tambaya kawai zan yi: wannan abin halal ne a wajenku ko a'a? Idan ya ce a'a, in je in hana ta cikin ruwan sanyi, babu wanda ya ji.

Na sha tambaya kafin na samu ofishin. Malamin mutum ne siriri mai furfura kaɗan, Bazazzage, yana da digirin dakta. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera, har ya tambaye ni kasuwa. Na yi masa bayani ina haɗa gumi. Da ya ji AI sai ya yi 'yar dariya, ya ce, “Baba, wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne. Idan bita take yi da shi, ba a zauren jarrabawa ba, kuma ba shi yake rubuta mata aikin gida ba, ni ba ni da matsala. Rabin ajin suna yi.”

Da na tashi a nan na yi godiya na fita, da babu wannan labarin. Amma halina bai bar ni ba. Na ce a raina, ai bai ga abin da idonsa ba, kada ya zama na ɓoye masa wani ɓangare. Na kwance leda na miƙa masa takardun, na ce ya duba ya tabbatar.

Ya fara karantawa yana gyaɗa kai. Ya juya shafi na biyu, na uku. A na huɗu sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tashi ya rufe ƙofar ofishin, ya dawo ya zauna, kuma muryar da ya yi mini magana da ita bayan nan ba ita ce ta ɗazu ba. Ya tambaye ni wa ya ba ta izinin ɗaukar muryarsa. Na ce ban sani ba. Ya tambaya mutum nawa ne suke da wannan takarda. Na ce ban sani ba. Ya ce na karanta abin da ke ciki? Na ce Turancina bai kai ba. Ya dube ni tsawon lokaci kamar yana auna ko ƙarya nake yi, ko kuwa wani ne ya turo ni.

Ya ce ɗaukar muryar malami a ɓoye babban laifi ne a wajensa. In zo da ita ran Juma'a ƙarfe goma. Idan bai gamsu ba, zai rubuta wa kwamitin ladabtarwa, kuma wanda maganarsa ke gaban kwamiti ba lallai ya zauna jarrabawa ba. Jarrabawar kuwa saura kwana goma sha biyu. Ya sa takardun a aljihun teburinsa ya kulle. Maganar kunnenta tana bakina, amma na tuna alkawarin da na yi mata, na haɗiye.

Ban san yadda na fito daga makarantar ba. Na dai tsinci kaina a bakin titi, masu keke napep suna ta yi mini magana ina kallonsu. Na taka da ƙafa zuwa gidan da take haya da wasu 'yan mata biyu, a wani lungu bayan masu buga takardu. Na same ta tana wanki. Da ta gan ni da rigar majami'a ran Talata, sai ta saki bokiti ta tambaya ko wani ne ya rasu. Na ja ta gefe, na tsaya ta wajen kunnenta na dama, na faɗa mata komai.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta goge hannu a zaninta, ta ɗauko waya ta nemo darasin, ta ce, “Baba, ka san abin da ke shafi na huɗu?” Na ce a'a. Ta fassara mini. Ashe rannan a cikin aji, malamin ya yi ba'a ga wani malami da ya koyar da su a aji ɗaya. Ya ce abin da wancan ya koya musu a kan taki su zuba shi a kwandon shara, don rabonsa da shiga gona tun kafin a haife su. Aji ya yi dariya, aka wuce. Amma ita manhajar ba ta san wasa ba, duk abin da ya fito daga baki rubutawa take yi, har da sunan mutumin. Mutumin kuwa shi ne shugaban sashensu a lokacin. Wato ni na ɗauki maganar da malami ya yi a kan maigidansa, a buge a takarda, na shiga ofishinsa na ajiye masa a gaba, ina ce masa ya duba ya tabbatar.

Na zauna a kan wani bulo. Na ce, “Uwata, ki yafe mini.” Ta ce in tafi gida, tana da lakca ƙarfe biyu.

Laraba da Alhamis ban san me na yi a shago ba. Na kwance kan keken wani tela, na rasa yadda zan mayar, aikin da nake yi ido rufe shekara talatin. Matata ba ta ce mini “ai na faɗa maka” ba, kuma shirun nata ya fi faɗan zafi. Ta dai ajiye mini abinci, ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Na kira 'yata sau da yawa ba ta ɗauka ba. Da yammar Alhamis ta turo saƙo layi ɗaya, cewa idan mun shiga gobe kada in buɗe baki ko da me aka ce, ita za ta yi magana. Na rubuta mata na yi alkawari.

Ran Juma'a na riga ta isa. Ta zo da farin mayafi, fuskarta a bushe, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Muka shiga. Malamin bai ce mu zauna ba sai da ya gama wani rubutu. Ya tambaye ta tun yaushe take ɗaukar muryarsa. Ta ce tun makon farko. Ya tambaya wa ta tura wa. Ta ce babu kowa, ta miƙa masa wayar ta ce ya duba. Bai karɓa ba. Ya ce waya ana gogewa. Sai ya yi tambayar da nake tsoro. Ya ce ɗalibai ɗari uku suna rubutu da hannunsu, ita me ya fifita ta da sai ta ɗauki murya? Lalaci ne, ko akwai wanda take tara wa?

Ta sunkuyar da kai. Na san amsar tana da ita, kalma uku ce, amma ta gwammace ta je gaban kwamiti da ta furta. 

Ya ce shi ke nan. Ya tashi ya juya ya buɗe wata durowar ƙarfe a bayansa yana neman takardar da ake cikewa. Yana nan a juye ya ce ta faɗi lambarta ta ɗaliba. Ba ta motsa ba. Ya sake faɗa da ɗan ƙarfi, har yanzu bai juyo ba. Tana zaune tana kallon ƙasa, kunnen hagu ne ta wajensa, ga fanka tana ƙara a sama. Na ga wuyansa ya kumbura. Ya ce wato har raini ya kai ya yi mata magana ta ƙi amsawa.

A nan na karya alkawari biyu a lokaci ɗaya, na jiya da na shekara da shekaru. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. Ba ta ji ka ba. Idan ba ta ga bakinka ba, ba ta jin ka.”

Ya juyo. Ita ma ta ɗago, don ta ga bakina yana motsi, kuma daga fuskar malamin ta gane abin da na faɗa. Irin kallon da ta yi mini ban taɓa ganinsa a idonta ba. Amma na riga na fara, sai na ƙarasa. Na faɗi sanƙarau, na faɗi kunnen hagu, na faɗi shekarar farko da ta kusa faɗuwa.

Malamin ya dawo ya zauna da takardar a hannunsa.  Sannan ya jawo kujerarsa ya fuskance ta sosai, ya fara yi mata tambayoyi a kan darasin, a hankali, da Turanci. Ban gane yawancinsu ba, amma na ga tana amsawa. A wata tambayar suka ɗan ja, har ya ɗaga gira. Daga baya ta gaya mini cewa ta ce masa a wannan wurin AI ya ba ta wata amsa dabam, irin ta ƙasashen da ruwan samansu ba irin namu ba ne, ita kuma ta koma ga maganarsa ta aji ta ga ba haka ya ce ba, sai ta bi tasa. Ya tambaye ta sau nawa hakan ta faru. Ta ce sau da yawa, shi ya sa ba ta yarda da shi sai ta gwada da abin da aka faɗa a aji.

Bai cike takardar ba. Amma bai kuma sake mu haka nan ba. Ya ce ta goge duk muryarsa da duk rubutun da aka ciro daga ita, a gabansa. Ta goge ɗaya bayan ɗaya, karatun mako goma sha ɗaya, ina kallon yatsanta. Bugaggun takardun ya ce sun zama nasa. Ya ba ta shafi uku na kanun darussa, ya ce da su za ta yi bita, ta kai wa AI ɗin nata idan ta ga dama. Ya ce daga yau kujerar gaba tata ce, zai sa shugaban aji ya riƙa tsare mata, shi kuma zai yi ƙoƙari ya daina magana yana kallon allo. Ni kuma ya ce mini, “Baba, gobe idan za ka kai wa mutum takarda, ka sa a karanta maka tukuna.”

Da muka fito na so in raka ta, ta ce ta san hanya. Kafin mako ya zagayo duk ajin sun san dalilin da ya sa ake tsare mata kujera, abin da ta yi shekara goma tana ɓoyewa. Ta zauna jarrabawa, ta ci darasin, amma da ƙyar, alhali shi ne wanda ta fi sa rai a kansa. Hutun da ya biyo baya wajen ƙanwar uwarta ta yi shi. Sai da aka yi wata biyu kafin ta zo shago wata rana da la'asar, ta zauna a kan bencin masu jira, tana kallona ina sa wa keke mai. Can ta ce, “Baba, da ni ka tambaya, da na faɗa maka komai. Minti biyar ne.”  Na ajiye gwangwanin mai na ce gaskiyarta ne.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ya hana ni barci ne nawa ba. Na tafi neman kwanciyar hankalina, amma da karatun 'yata da sirrinta na biya, ita da ba ta yi wa kowa sata ba. Na ɗauka tsoron Allah ne ya kai ni ofishin nan. Yanzu na gane tsoron tambayar 'yar cikina ne, da son in ji wani babba ya ce mini ba ni da laifi. Har yau ina da wannan halin, bai tafi ba, sai dai yanzu idan ya taso, wanda abin ya shafa nake fara nema.

Tana shekarar ƙarshe yanzu. Kowane zango sai ta bi malamai ɗaya-ɗaya tana neman izinin ɗaukar murya. Wasu su yarda, wasu su ƙi, kuma darussan waɗanda suka ƙi su ne suke ba ta wuya. Ita ce ta ce in ƙare da wannan roƙo, ba ni ba. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya san ko akwai wata ƙa'ida a rubuce da ta ba ɗalibi mai matsalar ji damar ɗaukar lakca don ya yi bita da irin wannan manhaja, ko ya san wane ofishi ake zuwa da irin wannan buƙata, don Allah ya rubuto ya sanar da mu. Duk abin da kuka aiko ita za ta fara karantawa, kuma ita za ta kai.